Irin da Iya Ta Hana a Yanka Ɗanye

Ƙas. Wannan ƙarar ce ta sa na ɗauki fensir yau. Jikata ce ta shigo daga fadama da kan shinkafa guda a hannu, tana tafe tana surutu, ta tsinke ƙwaya ta jefa a baki ta ciza, na ji ta fashe. Ita ba ta san ta yi wani abu ba. Ni kuwa sai da na ajiye mazarina, na ɗaga kai kamar wadda aka kira sunanta daga nesa.

Ka yi haƙuri da rubutuna, mai karatu. Sai da furfura ta gama cin kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, malama tana kama mini hannu kamar mai koyon tatata. Masu dariya sun yi, na ce su yi, haƙoransu ne. Na shiga ne don akwai maganar da aka ba ni ajiya tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, kuma na duba na ga kunnuwan da za su karɓe ta sun fi son hirar kasuwa.

A kan wani tudu aka haife ni, can ƙasa da Haɗeja, inda kogi yake rarrabuwa ya bazu cikin fadama. In damina ta yi nisa ruwa yakan kewaye mu ta ko'ina, ba shiga ba fita sai da jirgi ko a kan gora. Ka tashi da safe ka ji warin laka da ɗanyen kifi, tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, suna ta cacar baki a cikin ciyawa, shinkafarmu kuwa tana bin ruwa: ya ƙaru ta ƙaru, kanta kullum a sama. Ja ce, gajeriyar ƙwaya, in an dafa ta ƙamshinta har maƙwabta. Ba a nan muka same ta ba. Da ita muka zo.

Mutanenmu ba sa ɗaukar makami. Bari in faɗa tun yanzu, don duk labarin a kan wannan yake. Kakan kakanmu malami ne a wani gari can yamma. Ya ga an ƙone garin, masu ƙonewa suna salati, waɗanda ake ƙonewa suna salati, aka ɗaure na ɗaurewa aka kai kasuwa. Daga ranar ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, shi da zuriyarsa ba za su ɗaga ƙarfe a kan ɗan Adam ba, ba za su kama mutum ba, ba za su sayi kamamme ba. Duk inda aka ce sai sun ba da samari an tafi hari, sai su tattara su ƙara gaba. Maƙwabta suna ce mana mazan lauje. In kai ma ragwanta ka gani, to ka gwada barin gonar da ka share da hannunka da kabarin uwarka saboda maganar da wani ya yi kafin a haife ka, sannan ka zo mu yi magana.

Maza suna da littattafansu na addini a gafaka, amma labarin inda muka fito ba a cikinsu yake ba. A ɗakin kakata yake, uwar babana, wadda duk tudun yake kira Iya. 'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, busasshiya, haƙoranta cif har ta koma ga Allah. In ka shiga ɗakinta ka ɗaga kai, za ka ga ƙananan dammunan shinkafa rataye a jikin tsaiko, hayaki ya mai da su baƙi. Kowane dami daga girbin ƙarshe ne na wurin da aka tashi aka bari. Duk shekara, ranar da za a liƙe tukunyar iri da laka, sai ta tara mu yara da matan gida, ta ɗauki kara tana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Wannan na garin da aka ƙone. Wannan na bakin gulbin da aka yi damina kaɗan aka tashi. Wannan na gindin kukar da aka haife ta. Ta faɗi wanda ya mutu a can, da wadda aka aura, da waɗanda suka ce sun gaji aka bar su. In ka yi gyangyaɗi karan nan a kanka zai sauka. Ni na sha shi, don ban iya zama wuri ɗaya ba.

Akwai dami ɗaya siriri, ƙwayoyinsa a motse, ko hayaki bai kama shi sosai ba. In ta zo kansa takan ce, wannan na gaggawa ne, ta wuce.

Shekarar da nake ba ka labari ban isa ɗaukar tulu babba ba, amma na isa korar tsuntsayen jan-baki a gona. Ruwa yana tsakiyar cikarsa wani manzo ya zo a jirgin masunta. Daga wurin wani babba mai dawaki yake, wanda ke riƙe da ƙauyukan gefenmu. Ba zan kira sunansa ba, jikokinsa suna nan muna gaisawa. Babana shi ne bulaman tudun, don haka a ƙofarmu aka shimfiɗa masa tabarma. Ya sha fura, ya goge baki, ya ce ranar da ƙasa ta iya ɗaukar kofato mahaya za su zo, kowane gida ya shirya samarinsa. Babana ya gaya masa abin da ya riga ya sani game da mu. Manzon ya yi dariya ya ce shi saƙo ya kawo, ba karatu ya zo ɗauka ba.

Maza suka zauna a masallaci suka yanke shawara. Tsofaffi da masu ƙananan yara za su zauna. Baffana, ƙanin babana, zai kwashe samari da matansu su bi kogi su yi gabas, hanyar masu zuwa Makka, har inda Allah ya ba su fadama. A cikin samarin har da yayana, wanda ya goya ni, wanda Iya take kira mijinta tana tsokanarsa wai bai taɓa saya mata ko goro ba. Suka ce tafiya tun yanzu, tun kogi yana da ruwa.

Sai dai a wurinmu ba a sallamar mutum babu iri. Kuma irin bara duk an watsa shi a gona kafin ruwa ya zo. Abin da ya rage a rumbu gumi ne, shinkafar da aka turara don ci, wadda ko shekara za ta yi a ƙasa ba za ta tsiro ba. Ta gona kuwa ta fitar da kai, ta fara sunkuyawa, amma da saura.

Baffana mutum ne mai zafin nama. Bai tambayi kowa ba, ya shiga jirgi da lauje, ya zaɓi inda ya fi rawaya ya yanko, ya kawo tsakar gida yana cewa a shanya, jibi su kama hanya. Iya ta fito daga ɗaki. Ta tsinke ƙwaya ɗaya ta sa a baki, ta tauna, ta tofar a tafin hannunta ta miƙa masa har hanci. Fari ne, ruwa-ruwa.

"Kai auta, nono za ka je ka shuka a gabas?"

"Iya, doki ba ya jiran shinkafa."

"Ita ma ba ta san doki ba."

Ya ce zai bushe a hanya. Ta ce bushewa kam zai bushe, ƙaiƙayi ma ai busasshe ne. Daga nan ta shiga ɗaki, ta hau turmi da kanta, ta kwanto siririn damin nan ta jefa a gabansa. Ranar ce kaɗai na ji labarinsa duka. Tana budurwa aka yi irin wannan tashin. Ubanta ya ji tsoro, ya sa aka yanke shinkafa ɗanya aka gudu da ita. Suka sami fadama mai kyau, suka share, suka watsa iri, ruwa ya zo a kan lokaci, suka zuba ido. Ciyawa ce kawai ta fito. Shekarar bado suka ci har ya ƙare. Ta binne uwarta da ƙannenta a wurin da ba ta da ko dami da za ta rataya masa, don ba a girbe komai a can ba. Sai da wani kawunta ya koma baya da ƙafa wurin waɗanda aka bari ya roƙo iri. Ba ta yi kuka tana faɗa ba. Da ta gama sai ta ce wanda yake son tafiya ga jirgi can, amma ita ba za ta sa wa ɗanyen iri albarka ba.

Babana, wanda ba ya ɗaga murya, ya ce mata ruwa ya fara ja. Kowa ya gani a jikin giyayyar bakin mashaya, inda laka ta bar zane sama da ruwan. In aka jira shinkafa ta nuna, hanyar jigawa za ta bushe kafin nan, mahaya su iso su tarar da yaran a gida.

Iya ta tambaye shi ta ina ruwan yake fita. Tambayar da ko ni na san amsarta. Fadamarmu kamar akushi take, ƙofa ɗaya gare ta, wata makwarara tsakanin jigawa biyu, ta nan ruwa yake shigowa daga kogi, ta nan yake komawa. Ta ce a toshe.

Sai ka san abin da wannan maganar take nufi. A makwararar nan muke kama kifin shekara, lokacin da ruwa yake komawa kifi yana binsa, shi muke banda mu ci mu sayar har wata damina. Kuma a lakar da ruwa ya bari muke shuka wake da alkama, in aka makara zafi ya riske su, shi ke nan. Toshe makwarara, yunwa ce ka saya wa masu zama don masu tafiya su tafi da iri mai rai. Babana ya jera mata wannan duka a hankali, kansa a ƙasa. Ta ce ta sani, ita ma baki gare ta, kuma a cikin masu zama take.

 Sai ya tashi ya ɗauki gatari.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma na ga ana aikin hanyar jirgin ƙasa. Maza suna saran turaku suna kafawa cikin ruwa har ƙirji, ana jingina zana da kaba, mu mata da yara muna jidar laka a kwando muna zubawa. Matsattsaku sun sha jininmu har sun gode. Abin da aka liƙe da safe, la'asar ka tarar ruwa ya huda shi. Baffana, wanda ya fi kowa faɗa, shi ya fi kowa daɗewa a ruwan, yana danna laka da ƙafa yana gunaguni. Iya tana zaune a kan jigawa tana ba da umarni. In yayana ya wuce da turke a kafaɗa sai ta ce dubi mijin nata, ƙarfi kamar ingarma, goro ɗaya ya gagare shi. Shi kuma ya ce ai matar tasa ta tsufa, sabuwa zai nema a gabas.

Ruwa bai daina ja ba, amma ya rage sauri. Kullum da hantsi Iya takan sa a tuƙa ta cikin gona, ni ina gaban jirgi don ba a iya hana ni. Ta tsinka, ta ciza, ta tofar, ta ce a juya. Maza suna tsaye a bakin mashaya suna karanta fuskarta tun daga nesa. Akwai ranar da matar baffana ta durƙusa mata tana kuka, ta ce ko rabin nuna ne a yanka. Iya ta ɗaga ta, ta share mata hawaye da gefen zane, ta ce a'a.

Sai ga ranar da muka hango su. Ina korar tsuntsu na ga dawaki a kan jigawar yamma, rana tana walƙiya a kan tsinin masunsu. Ɗaya ya sako dokinsa cikin hanyar da a kowace shekara war haka ta bushe har jaki yana bi. Dokin ya yi taku kaɗan ya nutse har ciki, yana haniniya, da ƙyar suka jawo shi da igiya. Suka tsaya suna kallon tudunmu, muna kallonsu. Masunta kuwa, Allah ya saka musu, duk wanda aka nema ya ɗauko mahaya sai a tarar jirginsa yana yoyo. Mahayan suka juya, amma kowa ya san ba nisa suka yi ba.

Ban san kwana nawa aka ƙara ba, yaro ba ya lissafi. Na dai san wata safiya Iya ta sa ƙwaya a baki, na ji ƙas. Ta sake tsinko wata daga can gefe. Ƙas. Ba ta yi murmushi ba, ta ce wa mai tuƙi ya kira masu lauje. A cikin jirage aka yi girbin, aka shanya a kan tabarmi da rufin rumbuna, nan ma ta hana a ɗaure sai da ya sha rana ya ƙoshi.

Ranar tafiya ta yi abin da ba wanda ya zata. Ta sa aka kwanto dammunan ɗakinta duka, ta zauna ta raba kowanne biyu, har da siririn. Ta ɗaura sabo na shekarar, shi ma biyu. Ta zaunar da matar baffana ta sa ta jera labarin tun daga garin da aka ƙone, in ta yi kuskure ta gyara mata, har ya zauna. Sannan aka ɗora tukwanen iri a jirage, aka kai su bakin datsiyar. Yayana ya durƙusa a gabanta ya zaro goro ɗaya daga aljihu, ban san inda ya samo shi ba.

"Ga shi, kada ki bi ni da ƙara lahira."

"Sai da za ka sake ni ka san hanyar kasuwa," in ji ta. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Ba ta ci goron nan ba, a cikin kayanta muka same shi ya bushe kamar dutse.

Babana ya yi addu'a, aka zare turakun tsakiya. Ruwan da muka tsare ya ɓalle da ƙarfinsa, ya ɗauki jiragen ya fitar da su kogi kamar an harba su. Kafin in gama kiran yayana sun sha kwana. Ban ƙara ganinsa ba.

Da ƙasa ta bushe mahaya suka zo, suka tarar da tsofaffi da mata. Suka kora awakinmu, suka kwashe abin da suka ga dama a rumbu, suka zane babana da bulala a ƙofar gidansa, hannuwansa a naɗe a ƙirji. Ni ba a haife ni da haƙurin gidanmu ba. Na damƙi laka na jefi wani a rawani, babana da jini a bayansa ya juyo ya harare ni, hararar da ta fi mini bulalar ciwo. A lokacin haushinsa na ji. Sai da na girma na ga maza iri-iri na san wanda ya fi ƙarfi a tsakar gidan nan ranar. Ranin kuwa mun sha shi yadda babana ya faɗa. Kifi babu, wake ya ƙone, muka koma tonon bado. Iya tana ci tana cewa ai tsohon saninta ne.

Shekaru suka wuce, Iya ta rasu, Nasara suka zo, na yi aure na haihu, dammunan suka dawo ɗakina. Sai aka yi fari a jere, fara ta biyo baya. Abin da aka watsa bai tashi ba, abin da aka ɓoye yunwa ta ci. Jar shinkafarmu ta ƙare a tudun kaf. Na murje ƙwayoyin tsofaffin dammuna na gwada, amma abin da ya sha hayaki shekara da shekaru labari kawai yake riƙewa, ba ya tsiro. Muka koma shuka irin kasuwa. Ina nuna wa yara dammuna ina ba su labarin shinkafar da ba su taɓa ɗanɗanawa ba.

Ina da jikoki wani alhaji ya yi sallama a ƙofata, mutumin wajen Auyo, yana dawowa daga Makka ta ƙasa. Ya ce bayan tafkin Chadi ya yi rashin lafiya a wani ƙauye a bakin kogi, mutanen suka yi jinyarsa. Hausarsu irin tamu, mazansu ba sa rataya ko wuƙa. Da suka ji daga inda ya fito, wata tsohuwa ta ja shi ɗakinta ta nuna masa rufi da kara, ta jera masa wurare har ta zo kan tudun da aka toshe ruwa. Ta ba shi jakar fata ta ce ya nemi tudun, in da sauran mai rai. Ya ce baffana ya rasu, yayana ya rasu ya bar zuriya mai yawa. Na kwance jakar, sai ga shinkafa. Ja ce, gajeriya. Lokacin ina da sauran turame a baki. Na ciza, na ji ta fashe, na zauna a ƙasa a gaban baƙon namiji na yi kukan da ban yi ba ranar da jirage suka sha kwana.

Ita ce a gonarmu yau. Ba yawa, don 'ya'yana sun fi son farar shinkafa, wai ita ake nema a Kano, mota tana zuwa har bakin jigawa ta ɗauka. Ban hana su ba, ciki ba ya cin tarihi. Tudun ma ya zama gari, an yi rufin kwano, ba tsaikon da za a rataya dami, nawa ɗakin ne kaɗai ya rage da jinka kuma na ce sai bayan raina. Samarinmu har soja wasu sun shiga, ba wanda ya tashi daga gari saboda haka. Malamar ajinmu ta ce in rubuta, takarda ba ta mantuwa. Na rubuta, ga shi. Amma na gaya mata takarda ma ɗakin hayaki ce, tana riƙe labari, ba ta tsiro.

Shi ya sa ɗazu na kira yarinyar nan ta dawo. Na ce ta koma gona ta tsinko mini daga gabas da yamma da tsakiya, ta zo ta tsaya a nan kusa da kunnena mai ji. Ta ce ai kowa ya ga ta nuna, ubanta har ya wasa lauje. Na ce ubanta ya ajiye laujensa. Ni ba ni da haƙori ko ɗaya yanzu, ita take da su. Ta ciza, ni in saurara.